Ina ungulayen kwata suka tafi?

Ɗan Mahauci:
Salamu alaikum jama'a. Mahaifina mahauci ne, a kwatar garinmu na tashi, can ƙasar Katsina. Muna yara, kafin a gama feɗe san farko ungulaye sun cika katanga, wasu a ƙasa suna ɗan tsallen nan nasu, suna jiran a zubar da tumbi. Aikina ke nan da safe, in riƙe kara ina korarsu daga tiren hanji. Akwai wata tsohuwar kuka a bayan kwata, a kanta suke kwana, gindinta fari fat da kashinsu.

Da Babbar Sallah na je gida, na zauna a kwata tun asuba har hantsi, ko guda ban gani ba. Kukar ma an sare an yi shaguna. Bayan kwata wari ya hana tsayuwa, sai karnuka da ƙudaje. Yarona mai shekara 9 ya ce in nuna masa ungulu, sai a waya na nemo masa hoto. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Me ya cinye su ne?

Malamin Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu muka cinye su. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun kwata cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Babban abin da ke kashe su a Najeriya shi ne cinikin sassan jikinsu. Ana sayen kai da ƙafa da ƙwai don tsibbu da neman sa'a, mafarauci kuwa sai ya barbaɗa guba a nama ya kwashe su gaba ɗaya. Makiyayi ma in kura ta dame shi yakan sa wa mushe guba, ungulu ce ke fara sauka.

Ga shi ƙwai ɗaya tal take yi a shekara, a kan doguwar bishiya. An kashe uwa, an sare bishiya, ta ina za ta hayayyafa?

Ku dubi Indiya. Maganin ciwon jiki na diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa ya lalata wa ungulayensu ƙoda, fiye da kashi 95 cikin 100 suka mutu kafin a haramta bai wa dabbobi shi a 2006. Mushe ya koma hannun karnuka, suka yi yawa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Cikin ungulu na ƙone ƙwayoyin cuta da dama da ke jikin mushe, shi kuwa kare gida yake komawa ya shiga cikin yara.

Hajiya ta Maraɗi:
Mu ma nan haka ne, ɗana. Dā in jaki ya mutu a bayan gari, kafin la'asar sai ƙashi. Bara wani ya faɗi kusa da gonarmu, ya fi sati yana ruɓewa, sai da muka haɗa kuɗi aka haƙa rami. Maiki kuwa, babbar nan ta daji, rabona da ita tun ina amarya.

Ɗan Mahauci:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Yanzu na tuna wasu baƙi da ke zuwa kwata da buhu, suna ba yara ɗan canji su nuna musu inda sheƙa take. Ni ma na taɓa nuna musu kukar nan, Allah ya yafe min. Ranar Juma'a zan sami Sarkin Fawa in roƙe shi ya hana duk mai zuwa da buhu shiga kwata. Malam, akwai rimi biyu da suka rage a bakin rafi, in an bar su, ungulayen za su iya dawowa?