Zan sauka Gwanzu da jakar goyo, a ina ya kamata in kwana?

ƊanFagge92: Assalamu alaikum 'yan uwa. Biza ta fito, wata mai zuwa in sha Allah zan tashi daga Kano ta Adis Ababa zuwa Gwanzu (Guangzhou) ta ƙasar Chaina. Ba saro kaya zan je ba, ganin gari ne kawai, kwana 6, daga ni sai jakar goyo. Guzurina ba yawa. Shin in kama ɗaki a Xiaobei inda mutanenmu suke, ko in nemi masaukin matafiya irin na gado-gado a wajen tsibirin Shamian? Sinanci ko kalma ɗaya ba na ji. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Alhaji Mai Takalma: Wa alaikumus salam. In takalma ne ko jakunkuna, Sanyuanli za ka nufa. Kada ka biya kuɗi sai ka ga samfur da idonka.

ƊanFagge92: Alhaji na gode, amma ba kaya zan saya ba.

Sani Lantarki: Bakano ya je Chaina ya dawo hannu rabbana? Wallahi ko caja goma sai ka cusa a jakar nan!

Hajiya Mai Leshi: Ƙanena, kafin maganar ɗaki gyara wayarka. WhatsApp, Facebook da Google duk ba sa buɗewa a can. Ka sauke VPN, manhajar da za ta buɗe maka su, tun kana gida, da WeChat da Alipay na biyan kuɗi, don ko ruwan gora da waya ake biya. Daga filin jirgin Baiyun ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3, ka canja zuwa na 5, shi ne ke da tashar unguwar mutanenmu. Mu Shawbe muke cewa, amma Xiaobei za ka gani a allo. Ɗaki mai tsabta na kama yuan 180.

Baban Khadija: Ni dai zan faɗa maka abin da ya same ni a 2019, ka ɗauki abin ɗauka. Da dare na sauka, ana ruwa. Otal ɗin da na yi tanadi suka duba fasfona suka girgiza kai, wai ba sa karɓar baƙin waje. Na biyu ma haka. Na zauna a bakin wani shago, jaka tsakanin ƙafafuna, riga ta jiƙe sharkaf, waya ta ƙi kiran kowa. Ƙamshin tsiren rago na 'yan Uygur yana dukan hancina amma ko yunwar ban ji ba. Sai ga wani ya yi min sallama da Hausa tsantsa. Ɗan uwa, ji na yi kamar uwata ce ta aiko shi. Ya kai ni gidansa, ya ba ni katifa, ya ba ni shayi. Abin da bai gaya min ba shi ne, duk baƙon da ya kwana a gidan mutum dole ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Otal su ke yi maka, gida kai za ka yi. Kwana na huɗu aka tare ni a hanya, ba takarda. Na wuni a ofis, na biya tara. Da na koma, mutumin nan da ya sauke ni, wanda na ba yuan 3,000 ya riƙe min, ya ce sai gobe. Har yau goben ba ta yi ba. Ba kuɗin ne ke ci min rai ba, sallar da muka yi tare sahu ɗaya ce.

Hajiya Mai Leshi: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Baban Khadija.

Sani Lantarki: Amin. Amma Hajiya 180 a Shawbe? Ni 320 na biya, ɗakin ma ba taga.

Alhaji Mai Takalma: Kai a watan Afrilu ka je, lokacin baje kolin Canton. Afrilu da Oktoba kowane ɗaki tashi yake. Shekara 14 ina zuwa garin nan, 120 ma na sha kwana.

Ɗalibi a Wuhan: Da girmamawa Alhaji, farashin da kuka sani ya wuce. Kuma shi yawo ya ce zai yi. Malam ƊanFagge, gadon masaukin matafiya ya fi ɗakin otal araha, ka dai tabbatar suna karɓar baƙin waje kafin ka biya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa daga yuan 2 yake farawa, ko'ina ka kwana gari na hannunka. Abinci ka nemi shagon taliyar Lanzhou mai alamar halal, suna ko'ina. Ka je masallacin Huaisheng ka ga tsohuwar hasumiyarsa, da dare kuma ka tsaya bakin kogin Zhujiang ka kalli hasumiyar Canton, tsayinta mita 600.

Alhaji Mai Takalma: Yaro, kana Wuhan kana ba da labarin Gwanzu? Sau nawa ka kwana a ciki?

Ɗalibi a Wuhan: Sau uku Alhaji, kuma ina jin yarensu.

Hajiya Mai Leshi: Juma'a kuwa ka je babban masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake. Cika yake maƙil, ana fitowa ga masu abinci.

Malam Na Zariya: Hajiya a gyara. Mutanen can haka suke faɗa, amma Sa'ad, Allah ya ƙara masa yarda, a Baƙi'a ta Madina aka binne shi.

Baban Khadija: Ku bar wannan. Wanda ya zauna a Shawbe sai ya haɗu da irin mutumina, wanda ya yi nesa kuma ran da ya shiga matsala ba mai jin yarensa. Fasfonka dai kada ya bar jikinka, kuma kada ka wuce kwanan biza, yuan 500 ne tara kowace rana.

ƊanFagge92: Na gode ƙwarai. To yanzu Shawben ko Shamian? Kuma Alipay ɗin da wane kati zan haɗa?

Sani Lantarki: Nan fa ake yin ta. Katina na naira ƙin shiga ya yi. Na tura wa wani ɗan canji naira ya zuba min yuan, bayan kwana biyu aka rufe asusun, wai ba a san asalin kuɗin ba.

Hajiya Mai Leshi: Kai ma? Ni wata biyu kuɗina suka yi a daskare, kayana na zaune a sito, mai kago yana ta kirana. Shi ɗan canjin ko ɗaga waya ya daina.

Alhaji Mai Takalma: Shi ya sa nake riƙe dalata a aljihu. Sani, naka ɗan canjin a Kano yake ko a can? Nawa ya sayar maka da yuan ɗin?