Faktori ya ƙi musanya mini direba mai faramita, kuma lokaci ya ƙure

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku agaza mini, kwana uku ke nan ina kan abu ɗaya. Wata biyar da suka wuce aka damƙa mini wani tesbenci, wato lambar gwada zanen cif, na UVM (tsarin da ake bi wajen rubuta irinsa) wanda mai shi ya bar aiki bai rubuta ko layi ɗaya na bayani ba. A da bas ɗin, wato hanyar da bayanai ke bi, mai bit 32 ne kawai, komai lafiya lau. Sai masu zanen cif suka ƙaro tasha ta biyu mai bit 64, aka ce ni zan gyara. Na ƙi kwafar direban, wato sashen da ke tura sigina kan bas, in yi biyu, don an taɓa yi mini faɗa a kan haka a gaban mutane, har yau abin yana raina. Shi ya sa na mayar da shi kilas mai faramita, bus_drv#(W), inda W ke nuna faɗin bas, na bi monita mai sauraron bas da ejan mai haɗa su duk na gyara, ko barcin kirki ban yi ba.

Yanzu bus_drv#(64)::type_id::create yana ƙera shi daidai ta faktori, wato sashen UVM da ke ƙera sassa ya kuma musanya su. Amma in na sa +uvm_set_type_override a layin umarni don in musanya shi da direba mai jefa kurakurai, ko gezau, tsohon ne ke fitowa. Kuma print_topology, mai buga jerin sassan tesbenci, yana kiransa uvm_driver #(REQ,RSP). Na gwada maye gurbin na 32 da na 64, gwajin ya mutu da saƙon kuskure na FCTTYP. Alhamis za a duba aikin. Me na ɓata?

Ɗalibin fanni:
Wa alaikumus salam. Da wane makro ka yi wa kilas ɗin rajista a faktori? Kuma wace UVM ce, 1.2 ta 2014 ko ta IEEE 1800.2?

Mai tambaya:
uvm_component_param_utils(bus_drv#(W)) na sa, kamar yadda ake koyarwa.

Tsohon hannu:
Malam, faktori bai yi laifi ba, abin da ka ba shi ya yi. Wannan makron nau'i kawai yake yi wa rajista, ba ya ba shi suna a rubuce. Layin umarni kuwa suna kaɗai ya sani, to da me zai nemo kilas ɗinka? Haka kuma makron ba ya rubuta maka get_type_name, shi ya sa ka gaji sunan uwar kilas a print_topology. Batun FCTTYP ma a fili yake: bus_drv#(32) da bus_drv#(64) nau'i biyu ne daban a SystemVerilog, kowanne da type_id ɗinsa, ɗaya bai gaji ɗaya ba. Faktori ya ƙera na 64, aka zo $cast zuwa na 32, ya faɗi.

Amma gaskiyar da ba za ka so ji ba ita ce tun farko bai kamata ka sa faramita ba. Cire ta. Yi intafes ɗaya, wato mahaɗin tesbenci da cif, mai faɗi mafi girma, ka sa ainihin faɗin a cikin abin saiti, direba ya karanta lokacin gudu. Na daɗe a wannan aiki, duk inda faramita ta shiga direba sai ta bi ejan, ta bi env mai ɗauke da ejan, ta ƙare a gwaji, sannan +UVM_TESTNAME mai zaɓen gwaji ta suna ma ya daina ganinsa.

Mai tambaya:
Na gode ranka ya daɗe, bayanin ya shige ni. Amma cirewa ba za ta yiwu ba. Intafes ɗin na masu zane ne, da faramitarsa ya zo, ba ni da ikon taɓa shi. Kuma ni a ganina faramita ta fi tsabta, kuskuren faɗi tun wurin kwamfayil ake kama shi.

Wata injiniya:
Ɗan'uwa, kada ka rushe aikinka kwana biyu kafin dubawa. Bar layin umarnin, ka musanya ta nau'i. A build_phase na gwajin, kafin a ƙera env, rubuta bus_drv#(64)::type_id::set_type_override(err_drv#(64)::get_type()), da sharaɗin err_drv#(W) ya gaji bus_drv#(W). Gwajin kansa ka bar shi ba faramita, ka zaɓe shi da +UVM_TESTNAME. In kuma dole sai suna, yi ɗan siririn kilas, bus_drv64 extends bus_drv#(64), ka yi masa rajista da uvm_component_utils. Sai dai ka tuna na 32 ba zai ji wannan musanyar ba, nasa layin daban.

Mai fama da VIP:
Wallahi wannan abu ya taɓa ni. Mu wani VIP aka saya mana, wato lambar gwaji da wani kamfani ya riga ya rubuta, masu shi suka sa uvm_component_utils a kan kilas mai faramita. Sunan da ya shiga faktori iri ɗaya ne ga kowane faɗi, sai gargaɗin TPRGED ya cika mana log. Lambar a kulle take, ba ma iya gyarawa. Na kai ƙara sau uku, shugabanmu ya ce in danne gargaɗin kawai. Daga baya da musanya ta suna ta ƙi aiki, ni aka ɗora wa laifi. Har yanzu ban huce ba.

Tsohon hannu:
Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Hajiya, siririn kilas ɗinki faci ne. Gobe a kawo bit 128, sai ya ƙara wani, da na kurakurai, da na monita. Faramita tun kafin gudu ake yanke ta, duk faɗin da ba a ambata a lamba ba babu shi, faktori ba zai haifo shi daga rubutu ba. Intafes na masu zane kuma ba hujja ba ce, a lulluɓe shi da naka.

Wata injiniya:
Yallaɓai, lulluɓin ma yana da nasa ciwon. Bit ɗin da ba a haɗa ba sai an rufe su da hannu a direba da monita da wurin kwatanta sakamako, in aka manta ɗaya sai Z ko X, wato ƙimar da ba 0 ba 1 ba, ya shigo. Akwai hanya ta tsakiya: uwar kilas marar faramita, ejan ya riƙe ta, mai faramita ya gaje ta, gwaji ya musanya ta nau'i.

Mai tambaya:
Yaya, hanyarki ta farko na fahimta, amma rubutun da ke gudanar da gwaje-gwajenmu na dare duk da layin umarni yake musanya, wani ne ke kula da shi, ba zai canza don ni ba. Na yi siririn kilas ɗin, har yanzu tsohon direban ke fitowa.

Ɗalibin fanni:
Ejan ɗinka wa yake ƙerawa, bus_drv64 ko bus_drv#(W)? In na biyun ne, siririn bai ma shiga wasan ba. Kira print a kan uvm_factory::get() ka turo abin da ya fito. Kuma har yanzu ba ka faɗi sigar UVM ɗin ba.

Tsohon hannu:
Da ka fara cirewa tun jiya, da yanzu ka kusa gamawa.

Mai tambaya:
Ejan ɗin bus_drv#(W) yake ƙerawa, dole ne, shi ma mai faramita ne, kuma ba na so in sake buɗe shi. Na taɓa wani abu a env, yanzu uvm_config_db ma ya daina ba ni intafes na 64. Zan duba da safe in Allah ya kai mu. Babu wata hanyar da zan ba shi suna ba tare da na taɓa ejan ba?