Masauki ya tare wa masunta gaɓa, zuwanmu na amfanarsu kuwa?

Ɗan Tudu:
Salamu alaikum jama'a. Kwana biyar na yi a wani ƙauyen masunta da ke bakin teku, har yau abu ɗaya na damuna. Masaukin da na sauka ya ja katanga har bakin ruwa, daidai inda aka saba jawo kwale-kwale. Da asuba na ga mutum wajen goma sun fito da taru, sai da suka zagaye katangar da kwanduna a ka kafin su kai kifin wurin matan da ke banda. Ni kuwa ina kan kujera ina ɗaukarsu hoto. Wallahi kunya ta kama ni. Shin yawon buɗe idon nan na taimakon irin waɗannan garuruwa, ko nauyi muke ƙara musu?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka duba inda kuɗinka ya sauka. In mai masaukin baƙo ne, kayansa kuma daga birni ake kawowa, to 'yan gari shara da wanki kawai suka samu. Shi ma na 'yan watanni ne, baƙi na ɗaukewa a sallame su. Wanda ya sayar da tarunsa don aikin otal ya shiga uku.

Malam Na-Ruwa:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni fitilu sun fi katangar tayar mini da hankali. Kunkurun teku a cikin yashi take binne ƙwai, bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito da dare su nufi inda ya fi haske, wato ruwa. In otal ya haske gaɓa sai su juya tudu, ƙishi ko kaguwa su gama da su. Ga itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, cikin saiwarsu ƙananan kifi da jatan lande ke girma. Masu gini na sara, masu banda ma na sara don itace, laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. A Tailan sai da aka rufe gaɓar Maya a 2018 saboda jiragen ruwan baƙi sun lalata murjanin da ke ƙarƙashin ruwa, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, jirage kuma aka hana su shiga ciki.

Ɗan Tudu:
Malam, fitilun masaukin nan har asuba suke ci, ni ma yabawa na yi. In na koma, ɗaki zan kama a cikin gari, in roƙi ɗaya daga cikin masuntan da na ɗauka hoto ya fita da ni ruwa, in biya shi hannu da hannu.