Neman kalma: me za mu kira "undead" da Hausa?

Mai Shirin Dare: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da tara na dare zan gabatar da shirinmu na sharhin finafinai a rediyo, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Kan Torchwood za mu yi magana, shirin BBC mai dogon zango da ya ɓalle daga Doctor Who a 2006, wanda labarinsa ke gudana a birnin Kadif na yankin Wales. A zango na biyu, na 2008, an harbe likitan tawagar, Owen Harper, ya mutu, sai shugabansu Jack ya sa wata safar hannu ta ƙarfe ya dawo da shi. Ya dawo ɗin, amma zuciya ba ta bugawa, ba numfashi, ba ci, ba barci, in ya ji rauni ba ya warkewa. Turawa na ce wa irinsa undead. Masu sauraro sun turo ra'ayoyi zan karanta, da me zan kira shi?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Fatalwa mana, Hajiya.

'Yar Damagaram: A'a yayana, fatalwa ai ba a kama ta da hannu. Wannan da gangar jikinsa yake yawo. Ka manta inda ya sha giya ta tsaya masa a ciki, sai da ya kifa kai ƙasa ƙafafu sama a ɗakin 'yan sanda kafin ta fito? Wace fatalwa ce ke amai? Da Faransanci mort-vivant ake cewa, matacce mai rai ke nan.

Ɗan Zazzau: To a ce zombi a huta, yara duk sun san ta.

'Yar Damagaram: Zombi ba shi da hankali, cizon mutane ya sa a gaba. Owen da hankalinsa garau, har da baƙar maganarsa ta da. Abin da ya sa na fara tausayinsa ke nan, ni da na tsane shi a zango na farko saboda girman kai da neman mata.

Malamin Hausa: Rayayyar gawa. Gajeriya ce, tana da jam'i: rayayyun gawawwaki.

Baba Mai Ritaya: Kai yaran nan! Kuna ta ɗinka wa Turanci riga alhali ga kalma kakanninku sun bar muku. GAWA-TA-ƘI-RAMI. An kashe shi, an shirya shi, ya ƙi kwanciya. Me ya rage? Haka Bahaushe ke gina suna: a-ci-balbal, ka-fi-zabo, faɗi-ka-mutu. Rayayyar gawa fassarar ɗan boko ce, ba wata tsohuwa da ta taɓa furta ta.

Malamin Hausa: Allah ya ja kwana Baba, ginin kalmar ba laifi. Matsalar inda ake amfani da ita ce. Tsohuwar motar da ake turawa kullum da safe ita ake ce wa gawa ta ƙi rami, ko jika ya tsokani kakansa da ita. Da an ji sai dariya.

Mai Shirin Dare: Nan ne tsorona Baba. Saƙon da ya fi taɓa ni a kan wurin da wani attajirin tsoho ke cikawa a gaban Owen ne, ya sunkuya zai hura masa iska a baki, sai ya tuna ba shi da numfashin da zai ba shi. Likita ne fa. In na ce gawa-ta-ƙi-rami ya kasa ceton tsoho, wa zai saurari sauran?

Ɗan Zazzau: Ni wurin nan ne ma ya ɓata mini shirin. Wanda ba shi da iskar hurawa, da wace iska yake zuba surutu? Marubutan sun raina mana hankali.

Baba Mai Ritaya: A yi dariyar mana. Dariya da Hausa ta fi kuka da aron baki. Ku ne kuka mayar da na'ura mai ƙwaƙwalwa kwamfuta, yanzu kuna so ku cusa mana zombi.

Basakkwace: Baba ya yi gaskiya. Kuma duk abin da kunka yanke nan, Hausar Kano ta za a ji ga rediyo, kamar mu ba mu da baki.

Malamin Hausa: Malam, ni Bakatsine ne. In akwai kalmar a Sakkwatanci kawo ta, hannu biyu za mu karɓa.

Basakkwace: Ba zancen kalma ɗai ba na, zancen raini na.

Almajirin Malam: Ni dai a kula. Wanda ya mutu ba ya dawowa sai ranar tashin alƙiyama. Kada a sa wa abu suna har yara su ɗauka yana faruwa.

'Yar Damagaram: Malam, Dodo ma yana da suna a tatsuniya. Amma ga wata tambaya: gawa mace ce a nahawu. Owen rayayyar gawa ne, ko rayayyar gawa ce?

Malamin Hausa: Kunne ya fi karɓar ce, sai dai ki kauce wa rigimar: "Owen ya zama rayayyar gawa." Daga nan ki ci gaba da shi, ya yi, ya ce.

Mai Shirin Dare: Na gode ƙwarai. Rayayyar gawa zan ɗauka, in yi bayani sau ɗaya a farkon shiri. Ta Baba kuma zan sa ta inda zan karanta saƙon masu cewa an ja labarin da yawa kafin a gama da Owen a tashar nukiliya a ƙarshen zangon, can ta dace.

Baba Mai Ritaya: Wato tawa ta zama ta barkwanci. To 'yata, shirinki ne. Ni dai zan kira waya gobe, kuma da sunan da na sani zan kira shi.

Basakkwace: In an buɗe layin.