Koyil ɗin Marsandi E350: ina ake samun mai sauƙin kuɗi a Kano, kuma zan iya canza shi a gida?

Abban Hanifa, Hotoro

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan motata, Marsandi E350 ƙirar 2010, wadda aka shigo da ita daga Amurka na saya shekara uku da suka wuce. Kwana goma ke nan ta fara rawar jiki idan na tsaya a danja, musamman idan na kunna AC, har sitiyari yakan riƙa karkarwa a hannuna. Ranar Juma'a kuma, ina hawan gadar Ƙofar Nasarawa, sai na ji ƙarfinta ya ragu, fitilar inji ta fara ƙyaftawa. Na kai ta wani gareji, aka jona mata sikana, wato na'urar gano matsalar inji, lambar P0304 ta fito, bakanike ya ce koyil ne, wato abin da ke ba fulogi wuta, kuma sai an canza duka shida. Kuɗin da ya yanka mini ya kusa kai na makarantar yarana biyu na zango guda, shi ya sa na ce ya dakata.

Tambayata biyu ce. Shin akwai inda mutum zai sami koyil mai inganci a farashi mai sauƙi, ko dai duk mai araha jabu ne? Sannan aikin canza shi, abu ne da zan iya yi a harabar gidana ranar Asabar, ko kuwa irin wannan mota ba a taɓa ta sai a gareji? Ina da ɗan sani a kan inji, domin ni nake canza wa janaretona fulogi da baƙin mai, amma ban taɓa buɗe murfin injin motar nan da hannuna ba.

Injiniya Na-Sharaɗa

Wa alaikumus salam, Abban Hanifa. Kafin maganar inda za ka saya, ina so ka tabbatar cewa koyil ɗin ne ya lalace, domin lambar P0304 ba ta ce koyil ba. Abin da ta ce shi ne silinda ta huɗu tana misin, wato man da ke shiga cikinta ba ya ƙonewa yadda ya kamata. Koyil yana iya jawo haka, fulogi ma yana iya jawowa, haka nan nozul ɗin mai, ko mai da ya zubo ya taru a ramin fulogi. Da a ce lambar P0300 ce ta fito tare da wasu silindodi da yawa, da sai mu faɗaɗa zargi, amma silinda ɗaya ce kawai ta yi ƙorafi.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Injin motarka shi ne M272, mai silinda shida, kuma kowace silinda da nata koyil a zaune a kan fulogi. Silinda ta 1 zuwa ta 3 suna gefen fasinja, ta 4 zuwa ta 6 suna gefen direba, ana fara ƙirga daga gaba. Ka cire koyil ɗin ta huɗu ka sa shi a ta biyar, na biyar ya koma ta huɗu, a goge lambar, ka tuƙa motar kamar minti goma sha biyar. Idan lamba ta koma P0305, to matsala ta bi koyil, ka kama mai laifi. Idan ta tsaya a P0304, koyil ɗinka lafiya lau yake, kuma da ka sayi shida da ka yi asarar kuɗinka motar na nan tana rawa.

Game da yin aikin a gida, ina ganin za ka iya. Murfin inji da akwatin iska na wannan mota ɗagowa ake yi da hannu, koyil kuma ƙananan kusoshi ne masu kan tauraro suke riƙe da shi. Amma ka bar inji ya huce sarai, ka cire makulli, domin koyil yana ɗaukar wutar batir mai bolt 12 ya mayar da ita dubban bolt. Abin da ya fi damuna shi ne maƙalin robar da ke riƙe soket ɗin waya. Motar da ta shekara goma sha biyar tana shan zafin inji, ga kuma ranar Kano ta watan Afrilu da ke wuce digiri 40, robobinta sun bushe kamar ƙanzo, kana matsa musu da ƙarfi za su karye. Ka bi su a hankali da ɗan siririn sukudireba.

Kuma don Allah ka daina tuƙa ta muddin fitilar na ƙyaftawa. Man da bai ƙone ba yana iya wucewa cikin salansa ya ƙone katalis, wato matatar hayaƙin mota, wanda kanikawa ke kira indomi, shi kuwa kuɗinsa ya ninka na koyil sau da yawa.

Alhaji Mai Sifiya, Ƙofar Ruwa

Malam, ni sana'ata ke nan, shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da kayan mota, don haka zan gaya maka abin da ke cikin kasuwa ba tare da rufa-rufa ba. Kamfanin Mercedes-Benz ba shi yake ƙera koyil da kansa ba. Kamfanoni irin su Delphi da Bosch ne suke ƙerawa, sai a zuba a kwali mai tauraro, kuɗi ya ƙaru. Idan ka sami na ainihin ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni a kwalinsa, ka sami abin da kake nema a ƙasa da farashin mai tauraro. To amma a nan gizo ke saƙar, domin kwalin Bosch ɗin ma ana buga na bogi, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 kayan waje suka yi tsada, jabu ya ƙara yawa saboda kowa sauƙi yake nema.

Kaya iri uku za ka tarar a wajenmu: sabo na ainihi, sabo na jabu, da na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga injin da aka shigo da shi daga waje, galibi ta Legas, kasuwar Ladipo. A ra'ayina, na Beljiyam na ainihi ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Na sha ganin mutum ya sayi sabbi shida masu sheƙi a kuɗin guda ɗaya na ainihi, kafin wata biyu ya dawo yana neman tsofaffinsa da ya riga ya zubar.

Idan za ka zo, ka taho da tsohon koyil ɗinka da lambar chasis. E350 ta 2012 zuwa 2016 injinta daban ne, M276, koyil ɗinta ba zai shiga taka ba, kuma yaran shago da yawa sunan mota kawai suke ji su miƙo kaya. Ka ɗora biyun a tafin hannu ka ji nauyinsu, domin na jabu yakan fi sauƙi. Ka duba rubutun jiki, na ainihi yana fita tsaf, na jabu kuwa wani lokaci ko da farce ka kankara sai ya goge. Ka lanƙwasa robar ƙasa ka ga ko akwai tsagewa ko wani farin layi kamar zanen alli, wanda ke nuna wuta ta taɓa tsallakewa ta nan. Sannan kada ka biya sai an yarda da sharaɗin gwaji na kwana uku ko mako guda, a rubuta a rasit. Duk wanda ya ƙi wannan sharaɗi, ka wuce shago na gaba.

Malam Baffa, Rijiyar Zaki

Ina tare da Injiniya a kan gwajin musanya, amma Alhaji, da girmamawa, ban gamsu da na Beljiyam ba. Koyil ɗin da aka ciro daga injin da ba mu san tafiyar da ya yi ba, sa'an na motar Abban Hanifa ne, wataƙila ma ya girme shi, kuma gwajin kwana uku ba zai nuna maka abin da zai faru bayan wata shida ba. Ni da na canza na Marsandi C300 ɗina, ɗan'uwana da ke Jamus ne ya sayo mini sababbi ya aiko ta hannun wani mai dawowa gida, na jira mako uku amma hankalina ya kwanta.

Abin da na fi so in ja hankali a kai shi ne fulogi. Idan bakinsa ya cinye, tazarar da wuta za ta tsallaka tana ƙaruwa, koyil yana wahala fiye da ƙima har ya mutu, sabon da ka sa ma haka zai bi. Ka canza fulogi shida gaba ɗaya, irin wanda aka ƙayyade wa injin, kuma kafin ka kwance ko ɗaya ka hura ramin da iska, domin ƙurar hunturu tana taruwa a nan, idan ta faɗa cikin silinda ta zama wani aikin. Ka fara ɗaura sabon da yatsunka kafin ka sa sifana, saboda kan injin na alminiyam ne, zaren cikinsa ba ya jure ganganci. Masu wankin mota kuma ka hana su feshin inji da ruwa mai ƙarfi.

Abban Hanifa, Hotoro

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya Asabar bayan sallar asuba, inji na sanyi, na yi musanyar kamar yadda Injiniya ya ce, da aron ƙaramar sikana ta maƙwabcina wadda ake haɗawa da waya. Kafin in kai shataletalen Hotoro lamba ta koma P0305. Da na haska robar koyil ɗin da tocila, sai ga farin layin nan da Alhaji ya ambata, siriri, ya bi tsawonta. Maƙalin soket guda ya tsage duk da lallaɓawar da na yi, na ɗaure shi da zare na roba kafin in sami sabo.

Na je Ƙofar Ruwa na sayi na Beljiyam guda ɗaya da sharaɗin mako guda, don in samu in riƙa zuwa aiki, na kuma aika wa wani abokina da ke Ingila lambar kayan ya duba mini farashin sababbi, kamar yadda Malam Baffa ya yi. Rawar ta tsaya, fitila ta mutu. Fulogin ne ban taɓa ba tukuna, domin soket ɗin da nake da shi mai kauri ne, ya ƙi shiga ramin. Injiniya, wane girman soket zan nema, kuma akwai mai sifanar auna ɗauri da zai ara mini zuwa Asabar mai zuwa?