Sanda na nuna tsayi ɗaya, ruwan kuwa ya sauya: gogewar masu awon kogi, rijiya da madatsa

Mai Karatun Sanda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin ruwa. Shekara huɗu ke nan ina karanta sandar awo a bakin wani kogi safe da yamma, ina rubuta tsayin ruwan a littafi, a ofis kuma a juya tsayin zuwa yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa bisa wani jadawali da na tarar tun kafin in kama aiki. Bana, bayan babbar ambaliyar tsakiyar damina ta janye, ruwan ya tsaya a mita 1.2 a jikin sanda, wanda a jadawalinmu yake daidai da kubik mita 18 a daƙiƙa. Ni da na san kogin na ga ruwan bai kai haka ba, masu jan ruwa a ƙasa da tasharmu kuma sun fara kukan ƙaranci alhali takardunmu na cewa lafiya lau. Na kai maganar gaba, aka ce in ci gaba da karatuna, lamba ba ta ƙarya. Ina roƙon duk wanda ya taɓa samun kansa a irin wannan hali, a kogi ne ko a rijiya ko a madatsa, ya ba mu labarin yadda ya gano bakin zaren.

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, wanda ya ce maka lamba ba ta ƙarya bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin sandar ta faɗi gaskiyarta: ruwa yana mita 1.2. Jadawalin ne ya tsufa. Sanda tsayi kawai take aunawa, ba ta san yawan ruwa ba, kuma alaƙar da ke tsakanin tsayi da yawa ta dogara ne ga siffar kwarin kogin a ranar da aka yi jadawalin. Idan ambaliya ta tara yashi a ƙasa da tasha, yashin yakan tokare ruwa ya ɗaga shi, sai ɗan ruwa kaɗan ya hau sanda kamar mai yawa. Idan kuma ta kwashe ƙasan kwarin, sai akasin haka ya faru.

Na gamu da wannan a farkon aikina, kuma sai da na kwashe wata biyu ina zargin mai karatun sandar da zama a gida yana ƙirƙirar lambobi, Allah Ya yafe mini. Ranar da na je da kaina, na tarar da tudun yashi ya cinye kusan rabin faɗin kogin, kimanin mita 40 a ƙasa da sandar, har ciyawa ta fara tsirowa a kansa. Muka ɗaura igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, muka raba faɗin gida ashirin da biyu, a kowane gida muka auna zurfi, sannan muka tsoma na'urar nan mai farfela da ke ƙirga saurin ruwa. Inda ruwa bai yi zurfi ba, akan saka ta a kashi 6 cikin 10 na zurfin idan an ƙirgo daga sama, inda ya yi zurfi kuwa akan auna a kashi 2 da kashi 8 a ɗauki tsakatsaki. Mun wuni a cikin ruwa har ƙugu, abin da muka samu kuma bai kai kashi biyu cikin uku na abin da jadawali ke faɗi ba. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta kafa tasharta ta farko a Embudo, a kan kogin Rio Grande, a 1889, kuma har yau, duk da na'urorin da ke aika tsayin ruwa ta tauraron ɗan'adam, ma'aikatanta suna komawa bakin kogi duk bayan 'yan makonni su auna da hannu don su gyara jadawalinsu. Idan su ba su daina ba, ban ga dalilin da zai sa mu riƙe jadawali guda shekara da shekaru ba.

Mai Lura da Rijiyoyi:

Baba Injiniya ya gama magana a kan kogi, ni kuwa tawa a ƙarƙashin ƙasa ta same ni. Ina kula da rijiyoyin burtsatse goma sha ɗaya da ba a jan ruwa a cikinsu, an haƙa su ne don lura kawai, kowace da na'urar da ke rataye a cikin ruwa tana rubuta nauyin ruwan da ke kanta kowace sa'a. Da na sauke bayanan wata shida na farko, sai na ga ruwan dukkan rijiyoyin yana hawa yana sauka tare da 'yan santimita, har da waɗanda ke da nisan kilomita da yawa a tsakaninsu. Na yi murna, na ɗauka na gano cewa duka suna sha daga tushe ɗaya, har na fara rubuta rahoto. Wata abokiyar aiki ce ta tambaye ni ko na cire matsin iska. Ashe irin na'urar da aka saya mana ba ta da bututun shaƙar iska, saboda haka tana haɗa nauyin ruwa da nauyin iskar da ke samansa, kuma sauyin miliba ɗaya a matsin iska yana bayyana kamar santimita ɗaya na ruwa. Yanayi nake aunawa ban sani ba. Tun daga lokacin nake rataye na'ura ta biyu a saman ruwa don iska kaɗai, kuma duk zuwan da na yi sai na zura tef mai ƙara na auna da hannu, na rubuta ranar da sa'ar.

Darasi na biyu ya fi ciwo. Ruwan rijiya ɗaya ya sauka da kusan mita biyu cikin mako uku, na kusa sanar da cewa ruwan yankin yana ƙarewa, sai da na zagaya da ƙafa na tarar wani ya haƙa sabuwar rijiya kusa da ita ya ɗora mata babban injin famfo. Abin da nake gani ramin da famfonsa ke yi ne a cikin ruwan, wanda kan cike idan ya kashe inji da dare. Ko da ma saukar ta gaske ce, mita ɗaya a rijiya ba mita ɗaya na ruwa ba ne, domin ruwan yana cikin ƙofofin yashi da duwatsu ne: a ƙasar da ke sakin kashi 10 cikin 100 na girmanta, saukar mita ɗaya na nufin an rasa santimita 10 na ruwa ke nan a faɗin wurin.

Mai Awon Ƙasa:

Tawa gajeriya ce. Kututturen itace ya karya sandarmu a wata ambaliya, wani ma'aikaci mai kyakkyawar niyya ya kafa sabuwa bai gaya wa kowa ba, sifirinta kuma ya sauka ƙasa da na tsohuwar da santimita 15. Shekara uku ana rubuta lambobi a kan haka kafin in zo da na'urar daidaita tsayi in gwada ta da alamar siminti da ke kan gaɓa. Malam Mai Karatun Sanda, kafin komai ka tabbatar sandarka tana inda aka kafa ta. Ba banza ba ne mutanen Masar suka yi ma'aunin kogin Nilu na tsibirin Rauda, a Alƙahira, da ginshiƙin dutse a cikin rijiyar gini a shekarar 861, domin a wancan zamanin da abin da ya nuna ake yanka haraji, ba a son abin da zai gusa.

Mai Kula da Madatsa:

A madatsa matsalar iri ɗaya ce, sai dai ta fi yin shiru. Kullum da safe nakan karanta tsayin ruwan tafki, in duba jadawalin da aka yi lokacin gini, in aika cewa muna da kashi kaza cikin ɗari. Ba wanda ya yi tunanin cewa kogin da ke kawo mana ruwa yana kawo laka tare da shi, yana zubar da ita inda gudunsa ya mutu. Wani rani mai tsanani ne ya tona asirin: jadawali na cewa saura kashi 30, ni kuwa ina tsaye a kan bango ina kallon tsibiran taɓo a wurin da taswira ke cewa akwai zurfin mita huɗu, shamuwa na yawo a kai. Da aka samo kwale-kwale da na'urar da ke auna zurfi da amsa-kuwwa aka bi tafkin layi-layi, sai aka ga wani kaso mai tsoka na abin da muke lissafawa ruwa ya daɗe da zama laka. Ƙiyasin da masana suka saba ambata shi ne madatsun duniya na rasa tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 na wurin ajiyarsu kowace shekara.

Akwai kuma ruwan da yake nan amma ba ya jawuwa, saboda yana ƙasa da bakin bututu. A farin da ya addabi birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a 2018, hukumomi sun bayyana cewa kashi 10 na ƙarshe na ruwan madatsunsu yana da wuyar amfani, shi ya sa suka ɗora ranar rufe famfuna a kan kashi 13.5, suka kuma taƙaita kowane mutum ga lita 50 a rana. Ni ma yanzu lamba biyu nake aikawa, wato abin da ke cikin tafki da abin da za a iya fitarwa. Ba na kuma manta rabon rana da iska, tun da milimita ɗaya da ya ƙafe a kan murabba'in kilomita ɗaya kubik mita 1,000 ne.

Ɗalibar Ilimin Ruwa:

Ina gaida iyayena da yayyena. A bincikena na digiri na biyu na sami yanki mai faɗi da rijiyoyin lura uku kacal, biyu a cikinsu ma da giɓin shekaru a bayanansu. Abin da ya cece ni shi ne bayanan tagwayen taurarin ɗan'adam na GRACE, waɗanda Amurka da Jamus suka harba a 2002, magadansu kuma suka tashi a 2018. Suna bin juna da tazarar kusan kilomita 220, kuma daga ɗan sauyin da ke faruwa a tazarar ake gane sauyin nauyin ruwan da ke ƙasa. Sun nuna mini raguwar da rijiyoyin uku ba su isa su tabbatar ba. Sai dai malamina ya ja mini kunne cewa suna haɗa ruwan tafki da danshin ƙasa da ruwan ƙarƙashin ƙasa a dunƙule, a kan faɗin ɗaruruwan kilomita, saboda haka don in ware na ƙarƙashin ƙasa sai da na koma roƙon alƙaluman madatsun yankin, waɗanda yanzu, bayan bayanin Malam Mai Kula da Madatsa, na fara shakkar jadawalin da aka fitar da su.

Mai Karatun Sanda:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya na bi shawarar Malam Mai Awon Ƙasa, sanda tana nan daram. Ba mu da na'ura mai farfela, saboda haka na auna mita 30 a gefen kogi, na jefa kwalba mai rabin ruwa sau tara a wurare uku, ta riƙa cinye tazarar a kusan daƙiƙa 55. Faɗin ruwan mita 30 ne, matsakaicin zurfinsa santimita 80. Da na rage saurin saman ruwa zuwa kashi 85 cikin 100, kamar yadda aka koya mana, sai na samu kusan kubik mita 11, ba 18 ba. Tudun yashin ma na gan shi a bayan lanƙwasa. Baba Injiniya, yaya zan yi da lambobin da na riga na aika tun bayan ambaliyar?

Tsohon Injiniya:

Kada ka goge ko ɗaya, domin tsayin da ka karanta daidai ne kuma da shi za a sake lissafi. Ka ja layi a littafinka a ranar da ambaliyar ta kai ƙololuwa, ka rubuta cewa daga nan jadawali yana da shakka, ka haɗa da hoton yashin da awon kwalbarka, ka nemi a turo masu na'ura. Awo ɗaya ba ya yin sabon jadawali, saboda haka ka maimaita duk lokacin da ruwan ya sauka da santimita 10, kuma ka sa ran yashin zai sake gusawa idan ruwan farko na baɗi ya zo.