Golf ɗina ta daina ja: in sa a ƙara mata dawaki ko in haƙura?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara na kawo wa masana mota na wannan zaure. Ina zaune a Tawa. Motata Golf 4 ce, 1.9 TDI, ƙirar 2000, ta gazuwal mai turbo. Shekara huɗu ke nan da aka hawo mini da ita daga Kwatano, agogonta ya haura kilomita dubu 310 (wanda ya yarda da agogon motar Kwatano kuwa, shi ya so).

Da can in na taka totur sai ta manna ni da kujera. Yanzu sai nishi da baƙin hayaƙi. Lahadin da ta wuce ina hanyar Ƙonni, bayan Badagishiri kaɗan, na fito zan wuce wata tirela mai albasa. Ina daidai tsakiyarta, ƙafata a ƙasa, sai motar ta saki gaba ɗaya, ga bas ta taso daga gaba tana kunna mini fitila. Allah ya tsare, na taka birki na koma bayan tirelar. Da na tsaya gefe na kashe na sake tayarwa, sai ƙarfin ya dawo kamar ba ita ba. Uwargida daga nan har Ƙonni salati kawai take yi, ko kallona ba ta yi ba.

Akwai wani yaro mai kwamfuta da ya ce in ba shi jika 80 na sefa ya shiga ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar injin, ya mayar da ita doki 150. Abin da ya ɗaure mini kai, a kart giriz, wato takardar mota, an rubuta 6 CV, wanda ya sayar mini ya ce 110 ce, yaro kuma yana zancen 150. Wanne ne gaskiya? Ta yaya zan san ƙarfin da ya rage mata? Kuma in ba yaron kuɗin ko kuwa?

Na Wadata:
Ba'adare, sayar da ita ka ƙara kuɗin Abijan ka sayi Corolla ka huta. Ko ka sayi jaki, shi doki ɗaya ma bai kai ba amma ba ya saki a tsakiyar tirela.

Mushe Lissafi:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Malam. Bari in warware maka lambobin, gyara kuma na bar wa masu shi.

Wancan 6 CV na takarda dokin haraji ne, da shi ake yi maka lissafin binyet, wato harajin mota na shekara, da inshora, ba shi ne ke jan mota ba. Ƙarfin da kamfani ya ba injinka kilowat 81 ne. Kilowat ɗaya doki 1,36 ne, ka ga 110 ke nan. Amma wannan 110 ba ya fitowa sai inji na juyi 4150 a minti, wurin da kai da wuya ka kai allura. Abin da ke manna ka da kujera ƙarfin murɗawa ne, wanda a injinka ya kai 235 Nm tun daga juyi 1900. A daidai wannan juyin, in ka buga lissafi, doki 64 kacal inji ke bayarwa. Shi ya sa motar gazuwal ke da daɗin tuƙi ko da lambarta ba ta da girma.

Awo na sosai da na'ura ake yinsa, a ɗora ƙafafun gaba a kan wasu manyan gangunan ƙarfe, a ɗaure motar, a taka ta har ƙarshe, kwamfuta ta zana abin da ya iso ƙasa. Amma kai abin da kake buƙata bai kai nan ba. Nemi miƙaƙƙiyar kwalta da sassafe, inda ba gari ba makaranta, ka tabbata ba garke a kusa. Kashe sanyi. Ɗauki mutum ɗaya ya riƙe waya, ya buɗe manhajar da ke nuna gudu ta GPS, don agogon mota yakan yi ƙari. Sa giya ta uku, tsaya a 60, taka har ƙasa, shi kuma ya ƙirga daƙiƙa nawa ka yi kafin 100. Yi sau biyu tafiya, sau biyu dawowa saboda iska da gangara, ka haɗa daƙiƙoƙin ka raba huɗu.

In mota da ku biyu kun kai kilo 1400, ɗaga ta daga 60 zuwa 100 na cin kusan jul dubu 346. Raba 346 da daƙiƙoƙin, ka samu kilowat. In 7 ne, kilowat 49, doki 67. Kada lambar ta firgita ka, wannan matsakaici ne, kuma abin da ya rage ne bayan iska da tayoyi da giya sun ci rabonsu. Amfaninsa shi ne kwatance: ka auna yau, ka yi gyara, ka koma wuri guda da mutum guda ka sake aunawa. Daga nan ba bakaniken da zai ce maka “ai ta fi da” ka yarda da baki kawai.

Usta Mai Baliz:
Ƙanena, riƙe jikarka 80 tukuna. Shekarata ashirin da wani abu ina buɗe irin wannan injin a nan Yamai, kuma tun kafin ka gama labari na gane ciwon.

Motarka ba saki ta yi ba, kare kanta ta yi. Ga yadda turbon injinka yake. A ɓangaren da hayaƙi ke shiga akwai wasu ƴan fukafukai jere a zagaye, suna tsukewa suna buɗewa. In inji na ƙasa sai su tsuke don hayaƙi ya bugi farfela da ƙarfi, in ya hau sai su buɗe. To motar da kullum daga gida sai kasuwa, a giya ta huɗu ana lallaɓa ta don tsimin mai, toka na taruwa a wurin har su cije. Ranar da ka taka da gaske sai su ƙi buɗewa, iska ta wuce ƙa'ida, ƙwaƙwalwa ta ga haka ta rage mai nan take. Kashewa da tayarwa na share hukuncin, ba ya share ciwon. In aka sa mata baliz, wato kwamfutar da ke karanto ciwon mota, zan yi mamaki in ba a ga lamba 17965 ba.

Kada ka tsaya a lambar kawai. Ka ce mai baliz ya shiga motar ku hau titi, ya buɗe rukuni na 011. Zai ga lamba biyu gefe da gefe: iskar da ƙwaƙwalwa ta nema, da wadda turbo ya kawo. A mota mai lafiya suna bin juna, wajen bar ɗaya (ma'aunin matsin iska) a kan iskar waje. In ta biyu ta tsere ta ƙi saukowa, fukafukan ne, ko ɗan bawul ɗin N75 mai ba su umarni, ko siraran tiyon da ke tsakaninsu. Tiyon nan na roba ne mai rigar zare, zafinmu na gasa su su tsage ta ciki, ido ba ya gani. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, a canza su duka. Sannan a zuƙi iskar gwangwanin da ke jikin turbo a kalli sandarsa. Ya kamata ta yi tafiyar kusan santimita ɗaya sumul. In tana tafiya tana tuntuɓe, sai an sauke turbo an wanke.

Baƙin hayaƙin kuma wani zance ne. Hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa. Cire tiyon da ke shiga bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, ka haska da fitilar waya. Makon jiya na buɗe wata, ramin da ya kamata yara su zura hannu ya koma babban yatsana ne kawai ke shiga, sauran duk baƙin kwalta ne mai danƙo, haɗin toka da tururin baƙin mai. Cokali muka sa muna kwasa. A kwance bututun da ke kai iska cikin inji gaba ɗayansa a wanke shi a ƙasa. Duk wanda ya ce zai kankare maka shi a jikin inji, ɗauke motarka ka gudu, ɓarɓashin cikin silinda zai faɗa.

Filtar iska fa? Na san halinmu, in hunturu ya cika ta da ƙura sai a kai wa mai faci ya hura ta da kwamfaresa. Hurawar nan na yaga takardar, ƙura ta wuce ta ci bakin farfelar turbo, ta kuma kashe debimetir, wato abin da ke auna iskar da ke shiga. Gwajinsa ba wuya: zare wayarsa ka zaga, in motar ta fi ja to ya mutu. Shi in ya mutu mota sanyi take yi ba tare da hayaƙi ba. Ka leƙa kuma ƙasan bamba ta hannun dama, gaban taya, nan ɗan lagireton da ke sanyaya iskar turbo yake. Laka da ciyawa da fara kan toshe shi.

Duk wannan ba ƙari ba ne, dawakinka ne da suka ɓace ake kamo maka. Yaron kuwa in ya ƙara mai da iska a kan turbon da ya cije, abin da ya same ka a Badagishiri zai riƙa samunka a kowace giya.

Direban Agadas:
Usta ya gama magana. Ni na yi, kuma na ga abin da na gani. Passat gare ni mai irin injin nan, wani ya taɓa mini ƙwaƙwalwar, wata biyu ina jin kaina sarki. Da fari kuloci ya fara zamewa a giya ta huɗu, allura na hawa mota ba ta ƙara gudu, na sa sabo. Cikin watan Mayu, kusa da Abalak, da rana tsaka ga kaya ga sanyi a kunne, na ji wani fito kamar jiniya, sai farin hayaƙi ya rufe bayana. Turbo ya ɓalle, baƙin mai ya bi ta hanyar iska, inji ya koma shan man kansa. Na zare makulli yana hannuna, inji na ƙara kururuwa. Giya ta biyar na sa, na danne birki, na saki kuloci da ƙarfi, sannan ya mutu. Sabon kulocin nan shi ya cece ni. A can muka kwana.

Ƙaramin Injiniya:
Babban yaya, Allah ya ƙara tsarewa, amma kada a tsorata mutum fiye da kima. Injin nan na cikin masu jure ƙari. A Turai mayar da shi 130 zuwa 140 ta ƙwaƙwalwa kaɗai abu ne da aka saba, in yana da lafiya. Inda nake tare da ku shi ne 150. Kafin a kai can cikin tsabta sai an canza bakin nozul, mai fesa mai cikin silinda, daga milimita 0,205 zuwa 0,216, a sa kuloci mai ƙarfi, don murɗawar za ta kai wajen 300 Nm. Jika 80 ba ta sayen wannan.

Sannan a tuna lambobin Turawa a iska mai digiri 20 zuwa 25 ake ƙididdige su. A digiri 45 na Tawa iska ta fi ta digiri 20 sakayau da kusan kashi 8 cikin ɗari, ga shi abin da zai sanyaya ta shi ma zafi yake shaƙa. Lissafin ƙwaƙwalwa da aka sauko da shi daga intanet don motar Jamus bai san da wannan ba. In za ka yi, ka tsaya a 130, a ajiye maka lissafin asali a waya, a hau titi da baliz bayan an gama, kuma in ka ga hayaƙi a madubi ka ce a rage.

Usta Mai Baliz:
Injiniya, ban ƙi ba. Amma ka tambaye shi yaushe rabon da a canza bel ɗin tayimin, mai daidaita tafiyar fistin da bawul. In ya tsinke fistin da bawul ne za su gaisa, a nan ba 110 ba 130. Kuma wane baƙin mai yake juyewa? Injin nan mai lambar 505.00 yake so, ba na jarka da ake aunawa a bakin titi ba. In ya dawo daga doguwar tafiya ya bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu a kunne kafin ya kashe, don man da ke cikin turbo kada ya ƙone a wurin.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni ban san turbo ba, amma tun ɗazu ina karantawa ban ji wanda ya tambayi birki da taya ba, alhali birki ne ya mayar da shi bayan tirela. Ɗana, ka gaishe mini da uwargida.

Ɗan Adar:
Na dawo da rahoto, bayan kwana goma sha biyu. Hajiya, ta amsa, ta ce ke kaɗai kika yi maganar hankali.

Mushe, na yi awon a hanyar Ƙonni bayan sallar asuba, ni da ƙanena. Sau biyu ta saki kafin 100, sauran biyun daƙiƙa 11 da 12. In na bi lissafinka kilowat 30 ke nan, doki 41. Na kai ta wurin wani mai baliz, na karanta masa saƙon Usta daga waya. Lambar 17965 ta fito, ya ɗago ya dube ni ya ce wane ne wannan. Bututun iska kuwa sai da na ɗauki hoto, abin da aka kwaso ya kusa cika gwangwanin tumatir babba. Filta a yage take ta gefe, tiyo ɗaya ya tsage, fukafukan sai da aka jiƙa su kwana guda. Debimetir lafiyarsa lau. Duka da kuɗin aiki jika 47.

Jiya mun koma wuri guda, lokaci guda: daƙiƙa 7,6. Kilowat 45 da rabi, doki 62. Ba ta saki ko sau ɗaya ba, hayaƙi sai ɗan kaɗan a farkon takawa. Yaron ya kira ni sau uku, na ce masa sai bayan damina. Bel ɗin tayimin ban san ranar da aka sa shi ba, tun Kwatano yake, don haka shi ne na gaba, da tayoyin gaba biyu.

Usta, ranar Alhamis zan shigo Yamai. Zan iya biyowa ka duba mini rukuni na 011 da idonka?

Usta Mai Baliz:
Biyo, amma ka zo kafin azahar. Ka sayo bel ɗin da tayar da ke ɗaure shi da famfon ruwa tare, a kwali ɗaya, kada ka bari a tsinto maka ɗai-ɗai. Ka taho da hoton nan ma, akwai yarana biyu da nake so su gani.